Status na WhatsApp kaɗai ya isa talla, ko sai an biya Facebook?

Alhaji mai atamfa, Babbar Kasuwar Maradi: Assalamu alaikum ƴan uwa. Jiya yarona ya ce in ba shi jika goma ya biya Facebook a tallata mana shago, na hana. Ni a ganina biyan kuɗin talla a intanet zuba ruwa ne a rariya. Da safe nakan ɗauki hoton turmi biyar in ɗora a status, kafin azahar an kira ni, kuma ban kashe komai ba sai ƴan megas.

Mai gyaran salula, unguwar Zariya, Maradi: Wa alaikumus salam. Alhaji, a gafarce ni, su wa ke kiran naka? Status ba ya isa ga kowa sai wanda ya ajiye lambarka kai ma ka ajiye tasa, bayan awa 24 kuma ya goge. Tsofaffin abokan cinikinka kake ta yi wa talla ke nan. Matar da ke haɗa lefe a Tasawa ko Dakoro, wadda ba ta taɓa jin sunanka ba, ta ina za ta gan ka?

Hajiya mai turaren wuta, unguwar Ali Ɗan Sofo: Ƙanena, ni na gwada biyan Facebook ɗin. Sai da na ari katin banki kafin a karɓi kuɗin, kwana bakwai ina amsa "nawa ne?" daga mutanen da ko ƙasarsu ban sani ba, kwalba ɗaya ban sayar ba. Wallahi abin ya yi mini ciwo. Abin da ya ɗaga ni shi ne ƴar takardar da nake liƙawa a jikin kowace kwalba, da lambata a kai. Amarya ta turara ɗaki, ƙawaye su tambaya, su kwafi lamba. Duk wadda ta kira sai na ce mata: ajiye lambata, ni ma na ajiye taki. Yau har Yamai da Damagaram nake sa kaya a mota, kuɗi su zo ta Nita ko Amana.

Mai gyaran salula: Hajiya, wanda ya saita miki tallan ne ya bar shi a buɗe. Ana zaɓar Maradi da kewayenta kawai, a ce mata kaɗai, a ƙayyade abin da za a kashe a rana, a sa maɓallin da ke kai mutum WhatsApp ɗinki kai tsaye.

Mai kiwon raguna, Tibiri: Ku duka kun manta cewa da yawan masu saye ba sa karatu. Ni bidiyo nake yi a TikTok, kyauta, in buɗe bakin rago a ga haƙora, in sake shi ya yi tafiya, ina bayani da bakina. Baƙi na gani. Sai dai gab da Layyar bara wani ya kwashi bidiyona ya karɓi kafin alƙalami a hannun wani bawan Allah da ragon da ba nasa ba. Tun daga nan sai na nuna fuskata, na faɗi rana da lambata a cikin bidiyon.

Alhaji mai atamfa: Allah ya kiyaye. Ni dai har yanzu jika goman nan ba za ta fita ba. Amma Hajiya, maganar takardar nan ta shige ni, zan sa a ledar shagona. A ina aka buga miki, kuma nawa ne ɗari?