Da sunan wa aka yi rajistar shafin kasuwancinku?

Mai shadda, Wunti: Salamu alaikum 'yan uwa. Yaron da ya haɗa mana shafin shago ya tafi hidimar ƙasa, wayarsa ba ta shiga. Shafin ya daina buɗewa, ga adireshinsa a jikin ledojinmu da allon ƙofar shago. Ni na biya kuɗin, amma kamfanin da aka yi rajistar sunan shafin (wato adireshinsa na intanet) a wajensu sun ce ba su san ni ba, sunan yaron da imel ɗinsa ne a wajensu. Wa ya taɓa shiga irin wannan?

Shugabar makaranta, Fadaman Mada: Wa alaikumus salam, Alhaji. Mu ma mun ɗanɗana. Wanda ya haɗa mana namu yana cikin gari, amma da muka saɓa kan kuɗin gyara sai ya riƙe sunan shafin, alhali ta nan iyaye ke duba sakamakon yara. Sai da limamin unguwa ya sa baki kafin ya ba mu lambar da ake mayar da rajistar sunan zuwa wani kamfani da ita. Kamar ka gina shago ne a filin da takardarsa ke ɗauke da sunan magini. Yanzu da imel ɗin makaranta aka yi, rasit ɗin kuma yana fayil guda da takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni.

Mai haɗa shafuka, Yelwa: Baba Alhaji, don Allah kada a bari ya kwana. Sunan shafi haya ne, sabunta shi ake yi. Idan .com ne, bayan wa'adi ya cika akan ɗan ɗaga ƙafa, sai kwana 30 na fansa da kuɗi mai tsada, daga baya a sake shi kowa ya saya. Idan .com.ng ne, NiRA, ƙungiyar da ke rajistar sunayen intanet na Najeriya, ce ke kula da shi ta hannun kamfanonin da ta amince da su. Ku nemi yaron ta wajen iyayensa. Yawancin abokan sana'ata ba mugunta ba ce, sauƙi suke nema, su tara na kowa a akawun ɗaya, amma ba daidai ba ne. Ni zaunar da mai shago nake yi ya buɗe akawun a wayarsa, da imel ɗinsa da lambar sirrinsa. Takardar CAC kuma ba ta kama wa kowa suna a intanet.

Mai masaukin baƙi, hanyar Jos: Namu ya riga ya kuɓuce. Saƙon tunatarwa yana zuwa imel ɗin wani ma'aikaci da ya bar aiki, ba wanda ya gani. Wani ya saye sunan ya cika shi da tallar caca, baƙin da ke shirin zuwa Yankari suna bugowa suna tambayata ko lafiya. Imel ɗin da muke karɓar masu kama ɗaki da shi ma tare suka tafi. Sabon da muka yi, na shekara 5 na biya lokaci guda.

Shugabar makaranta, Fadaman Mada: Allah Ya mayar da alheri, Hajiya. Alhaji, in ka samu yaron, a canja sunan mai mallaka da imel ɗin a gabanka, kada ka tsaya a karɓar lambar sirri kawai.