Shin da gaske Nijeriya da Nijar ƙasa ɗaya ce kafin zuwan Turawa?

Ɗalibar Tarihi, Zariya:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga malamai da iyayenmu da ke wannan zaure game da wata magana da ake yawan maimaitawa duk lokacin da aka rufe iyaka ko aka samu saɓani tsakanin hukumomin Nijeriya da na Nijar, wato cewa ƙasashen nan biyu asalinsu ƙasa ɗaya ce, Turawa ne suka zo suka raba ta. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a Maraɗi akwai basarake mai laƙabin Sarkin Katsina, a Tsibiri kuma akwai Sarkin Gobir, alhali garuruwan biyu suna cikin Nijar. Idan a ƙarƙashin sarauta ɗaya suke da Katsina da Sakkwato kafin mulkin mallaka, me ya kawo sarakuna biyu masu amsa suna ɗaya? Idan kuma ba haka abin yake ba, da wane ma'auni Turawa suka ja layin da muke kira iyaka a yau?

Malamin Sakandare, Katsina:

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Maganar da kika ji tana da gaskiya ta fuskar jini da harshe da addini da kasuwa, amma ta fuskar mulki sai an yi mata gyara. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kansa a Maratta aka haife shi a 1754, wurin kuwa yana cikin Nijar a yau, saboda haka babu mai musun cewa mutanen ɗaya ne. Sai dai jihadin da ya fara a 1804 ya raba ƙasar Hausa gida biyu tun kafin Bature ya sa ƙafarsa a cikinta.

Da Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a wajajen 1807, Ummarun Dallaje ya zama sarki, zuriyar tsofaffin sarakuna ba su miƙa wuya ba. Sun yi arewa, sun ɗan fake a ƙasar Damagaram, daga bisani Ɗan Kasawa ya kafa sarautarsu a Maraɗi, a bakin gulbi, suka ci gaba da amsa sunan Sarkin Katsina domin a ganinsu gadonsu ne aka ƙwace. Haka ta faru da Gobirawa bayan faɗuwar babban birninsu Alƙalawa a 1808 da kashe Sarki Yunfa. Sun daɗe suna fafatawa har zuwa yaƙin Gawakuke a 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi galaba a kan taron dangin Gobir da Maraɗi, sa'annan Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga nan har ƙarshen ƙarnin, hari bai yanke ba tsakanin ɓangarorin biyu, kuma duk Bakatsinen da ya ji labarin Ɗan Baskore, sarkin Maraɗi, daga bakin kakanninsa ya san ba zaman lumana aka yi ba. Tsakanin Katsina da Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, amma a wancan zamani daji ne mai hatsari, wanda fatake ba sa ratsa shi sai cikin ayari.

Bamaraɗe, Maraɗi:

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ya faɗi abin da mu ma muka gada daga dattawanmu. Ni zan amsa sashe na biyu na tambayar 'yar'uwa, domin a nan ne nake ganin mutane suka fi yin kuskure, suna zaton Turawa sun bi tsohuwar iyakar nan sau da ƙafa. Ba su bi ta ba, kuma ba sau ɗaya suka ja layin ba.

A 1890 Ingila da Faransa suka amince da layi daga Sayi a bakin kogin Kwara zuwa Barruwa a bakin tabkin Chadi, da sharaɗin cewa duk abin da ke ƙarƙashin Sakkwato na Ingila ne, alhali a lokacin babu ɗayansu da ya san inda ikon Sakkwato ya tsaya. A 1898 suka sake zama, aka ja sabon layi mai ɗauke da baka a nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, layin kuma ya bar Ƙwanni da Tsibiri da Maraɗi a ɓangaren Ingila. Faransa ta gane ta yi asara ne bayan ta kama Damagaram a 1899, domin hanyar da aka bar mata daga kogin Kwara zuwa can ta bi ta ƙasar da babu rijiyoyi, ayarin sojojinta da dabbobinsu suna wahala ƙwarai. Wannan ne ya sa a yarjejeniyar 1904 ta nemi a turo layin kudu, Ingila ta yarda, ita kuma Faransa ta saki wasu haƙƙoƙinta na kamun kifi a gaɓar tsibirin Newfoundland da ke can kusa da Kanada. Aka daidaita layin a 1906, sa'annan jami'ai biyu, Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila, suka bi ƙasa suna kafa alamu har zuwa 1908.

Ke nan dalilin da ya sa ni yau nake riƙe da katin Nijar, Malam kuma yake riƙe da na Nijeriya, shi ne neman hanya mai ruwa zuwa Damagaram. Abin yana yi mini zafi duk lokacin da na tuna, domin babu sarki ko malami ko talaka ɗaya daga cikinmu da aka tambaya. Shaidar cewa ba tsohuwar iyaka aka bi ba kuwa a fili take: Ƙwanni tana biyayya ga Sakkwato, Sayi tana ƙarƙashin Gwandu, duka suka faɗa Nijar, yayin da Argungu, wadda ta shafe shekaru tana yaƙi da daular Sakkwato, ta faɗa Nijeriya.

Ɗan Gashuwa, Yobe:

Ina gaishe da malamai. Roƙona shi ne kada a taƙaita zancen a kan ƙasar Hausa kaɗai, domin iyakar ta haura kilomita 1,500, ta taɓa jihohin Kabi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Barno, ta wancan ɓangaren kuma Doso, Tawa, Maraɗi, Damagaram da Difa. A yamma, tsakanin Kamba da Gaya, Dandawa da Zabarmawa aka raba. A wajenmu nan gabas Barebari ne da Mangawa, kuma a wani tsawon kogin Yobe ne kansa ya zama iyaka, har mutum ya yi noman tattasai a wannan gaɓa alhali surukansa suna waccan. Damagaram ma, duk da ƙarfin da ta yi a zamanin Sarki Tanimu, haraji take kai wa Shehun Barno a Kukawa, kamar yadda Gumel take yi.

Yanayin ƙasa kuma ya ɗaure mu fiye da yadda takarda za ta iya kwancewa. Nijar ta fi Nijeriya faɗi, tana da murabba'in kilomita kusan 1,267,000, Nijeriya kuwa 923,768, amma mafi yawan ƙasar Nijar hamada ce, shi ya sa jama'arta suka taru a ɗan zirin kudu inda damina ke isar gero da wake, wato daidai bakin iyakarmu. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Jibiya, ya shiga Nijar, sa'annan ya komo Nijeriya ya zuba a Rima. Kwara kuwa sai ta ratsa Yamai da Gaya kafin ta iso Kainji. Duk wanda ya tare ruwa a sama, na ƙasa zai ji a jikinsa, kuma saboda haka ne ƙasashen suka kafa hukumar haɗin gwiwa a 1971, suka kuma sa hannu a yarjejeniyar raba ruwa a Maiduguri a 1990.

Ɗalibar Tarihi, Zariya:

Na gode ƙwarai, iyayena, Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya. Tun da layin bai wuce shekara ɗari da 'yan kai ba, me ya sa bambancin da ke tsakanin ɓangarorin ya yi zurfi haka a harkar sarauta da boko?

Malamin Sakandare, Katsina:

Domin masu mulkin biyu ba hanya ɗaya suka bi ba, ɗiyata. Bayan Ingilishi sun ci Kano da Sakkwato a 1903, sun bar sarakuna da alƙalansu da baitulmalinsu da 'yan dokarsu, suna mulki ta bayansu. A wajen Faransawa kuwa kumandan, wato jami'in mulkinsu, shi ne mai iko, sarki ya zama mai tara haraji da ma'aikatan tilas, har ma a 1906 suka tuɓe Sarkin Damagaram, aka daɗe kafin su mayar da sarautar. Aikin tilas bai ƙare a ƙasashen Faransa ba sai a 1946, kuma kafin nan ƙauyuka da yawa sun kwashe sun tsallako kudu don guje masa. Mayar da hedkwata daga Damagaram zuwa Yamai a 1926 shi ma ya yi tasiri, domin ya nisanta gwamnati daga Kano, ya kusantar da ita ga ƙasar Zabarma, inda aka fi samun 'yan boko na farko.

Duk da haka ciniki bai bi umarnin kumandan ba. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta daɗe tana bin jirgin ƙasan Kano zuwa teku, siyasa ma ta tsallaka, domin kiran Sawaba ya yi amo a bakin mabiya Malam Aminu Kano da na Jibo Bakari, ɗan siyasar Nijar, a shekarun 1950. Nijar ta samu 'yanci ranar 3 ga Agusta 1960, Nijeriya ranar 1 ga Oktoba na wannan shekara, kowacce da kuɗinta da harshen ofis ɗinta. An rufe iyakar a 1984, an rufe a 2019, an sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023, kuma kowane karo waɗanda suka fara ɗanɗana kuɗarsu su ne masu albasar Galmi da dillalan dabbobi na Maigatari da Illela da Jibiya. Idan binciken naki zai kai ki fili, ki fara da fadar Maraɗi da ta Tsibiri, ki nemi makaɗan fada da maroƙa su jero miki sunayen sarakuna, sa'annan ki kwatanta da jerin da ake karantawa a Katsina da Sabon Birnin Gobir.