Wa ya taɓa shan gilisarin kafin doguwar tafiyar keke?

Ɗan Kurna:
Salam 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka taɓa gwadawa da kansu nake son ji, ba an ce an ce ba. Ni ranar Lahadi na gwada shan gilisarin ɗin don ya riƙe min ruwa a jiki, Kano zuwa Wudil da dawowa cikin ranar nan ta Afrilu. Nauyina kilo 70, na auna giram 84 na zuba a ruwa lita 1.8, kusan fiya wata leda huɗu kenan, na dinga kurɓa a hankali tun saura awa biyu mu tashi. Da can in na ɗura ruwa haka kafin mu wuce Mariri na tsaya fitsari, wannan karon shiru kake ji. A dawowa ma bakina bai bushe kamar kullum ba, amma gudu dai nawa ne na jiya, ko ɗigo bai ƙaru ba.

Baban Ilham:
Hmm Ɗan Kurna kai ka yi sa'a. Ni ganganci na yi, na zuba a kofi ɗaya na shanye tashi guda saboda na makara, zaƙinsa kamar an narka alawa har da wani ɗumi a maƙogwaro, wallahi ko kilomita goma ban yi ba kai ya fara sara, ciki ya ɗau ƙugi, ƙarshenta a gindin darbejiya na zauna abokan tafiya suna min dariya wai na sha maganin ƙarfi ya kayar da ni. Keken ma a adaidaita ya koma gida.

'Yar Tudun Wada:
Mu nan Jos ban ga amfaninsa ba gaskiya. Da sanyin safiya muke fita, gumin ba yawa, sai nauyin ruwan kawai da na ji a jikina wajen hawa tudu. Shi fa aikinsa riƙe ruwa ne, yana rage wa ƙoda fitar da shi, ƙarin bai fi rabin lita zuwa lita ɗaya ba. In tafiyar awa ɗaya ce gorarka ta ishe ka.

Mai Kemis:
Yaya Ɗan Kurna wanne ka saya? Wannan ita ce tambayar. Kar wani ya ɗauko na kwalbar da mata ke haɗawa da man shafawa lokacin hunturu ya sha, wani har turare ake sa masa. Sai wanda aka rubuta na ci ne ko na haɗa magani. A Panama a 2006 mutane da dama sun mutu saboda maganin tari da aka haɗa da gilisarin na jabu, ashe guba ce mai kashe ƙoda. Mai ciwon suga, hawan jini ko ƙoda, da mai ciki, su bar shi sai likita ya yarda. Masu shiga gasa kuma, WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan magungunan ƙara kuzari a wasanni, ta haramta gilisarin a 2010 ta cire haramcin a 2018, yanzu ba laifi.

Ɗan Kurna:
Na ci ne malam, irin na masu kek. Baban Ilham Lahadi mai zuwa ka zo da wuri mu auna maka a gidana, amma kai za ka sayo fiya wata.