Abin da ake ɗora tsohuwar tarakta a kai a ja da mota: me za mu kira shi?

Jama'a, ga wani abu yana neman suna a Hausa. A Amurka da Ingila akwai mutanen da sha'awarsu ita ce tara tsofaffin taraktoci. Mutum zai sayo wadda ta shekara saba'in a yashe, ya kwance ta kaf, ya gyara, ya yi mata fenti irin na ranar da ta fito daga kamfani, sannan ya kai ta baje koli. A garin Mount Pleasant na jihar Iowa, tun 1950 ake irin wannan taro duk shekara. To taraktar da gudunta bai fi na mai keke ba, ba wanda zai hau kwalta da ita ya yi tafiyar kilomita ɗari uku. Ɗora ta ake yi a kan wani shimfiɗaɗɗen abu mai taya, mara inji, a maƙala shi a bayan a-kori-kura a ja. Bature ya ce masa trailer. Mu fa?

Mai gaggawa zai ce ai muna da ita, tirela. A nan gizo ke saƙa. Tirela a bakin Bahaushe ita ce gingimarin gaba ɗayanta, kai da bodi, mai ɗaukar siminti ko shanu, irin waɗanda suke jeruwa a Tafa da Mararrabar Jos. Ka ce wa mutum wane ya ɗaura tirela a bayan Hilux, zai dube ka ya ce ko lafiya. Kalmar ta shigo ta yi gida a wata ma'ana tun tuni, ba mu da ikon tashinta. Abin dariya ma, a Turancin Amurka kan tirelar da ke yin jan shi ake kira tarakta.

Na bi sunayen da mutane suka ba da shawara a sa masa ɗaya bayan ɗaya. Lobed, wato doguwar tirelar nan mai ƙasa-ƙasa, ta fi kowacce kusa, domin aikinta ke nan, ɗaukar injin da ba ya iya doguwar tafiya da ƙafarsa. Amma duk direban da ya ji lobed, katafila zai hango, da kan tirela a gaba. Abin da muke magana a kai tsawonsa ƙafa goma sha shida ne zuwa ashirin da 'yan kai. Janwe kuwa ita ce mai jan, tana da inji, ta fita ke nan.

Bodi na da magoya baya, don manoma sun saba da bodin tantan, wanda ake loda wa taki da buhunan masara. Sai dai can tantan ce ke ja, nan kuma ita ce fasinja. In ka ce bodin tarakta, kowa wancan zai ɗauka. Kura ma an ambata, amma kurar 'yan garuwa turawa ake yi, kuma ka gwada faɗin "kura a bayan a-kori-kura" sau uku ka ji.

Ni amalanke na zaɓa. Amalanken mota.

Wani dattijon direba ya ce mini, "Haba Malam, abin da ke ɗaukar tan uku zuwa shida, mai birki da fitila, shi za ka haɗa da na shanu?" Na ce Baba, ai haka Hausa take aikinta. Jirgi ɗaya ne daga na fito har na sama. Keke ɗaya ne daga na hawa har na ɗinki. Kalma ba ta jin kunyar girma.

Amma ba wannan ne babban dalilina ba. Dalilina shi ne, duk wanda ya taɓa loda amalanke ya riga ya san abu mafi hatsari game da wannan na mota, tun kafin a karanta masa komai. In ka tura kaya baya da yawa, sandar gaba ta ɗaga sama, shanun su rasa yadda za su taka. In ka tara su gaba, nauyin ya danne musu wuya. Daidai haka yake a nan. Ƙa'idar da masu ja suke bi ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na dukkan nauyin ya sauka a kan mahaɗar da ke bayan motar. Ya gaza haka, da an ɗan taka wuta amalanken zai fara lilo hagu da dama har ya kwashe motar daga kan titi. Ya wuce haka, bayan motar ya durƙusa, tayoyin gaba su yi sakayau, sitiyari ya daina jin magana. Tarakta kuma nauyinta a baya yake, wajen manyan tayoyi, don haka matsar da ita taku ɗaya gaba ko baya yana canja lissafin duka. Tirela ba ta gaya wa mai karatu wannan. Lobed ma haka. Amalanke na gaya masa.

In mun yarda da uwar kalmar, saura 'ya'yanta, domin mai zaɓen abin da zai ɗauki tsohuwar taraktarsa iri-iri zai tarar.

Akwai wanda ake maƙalawa a wani dunƙulen ƙarfe da ke ƙasan bayan mota. Wannan mai ɗaurin baya ne, ba gardama. Akwai kuma wanda gabansa ya miƙe sama, ya lanƙwaso, ya sauka a tsakiyar bodin a-kori-kura, daidai saman tayoyin baya. Bature ya ga wuyan dinya a jikinsa, ya ce gooseneck. An ce mu fassara haka nan. Ban yarda ba. Yara nawa ne yau suka taɓa ganin dinya? Mai wuyan raƙumi ya fi zama a baki, kuma siffar ta fito sarai. Shi wannan yana ɗora wa mota wajen kashi 20 zuwa 25 na nauyin, kuma tunda a kan tayoyi yake sauke shi, ba ya lilo kamar ɗan'uwansa. Shi ya sa masu manyan taraktoci suka fi son sa.

Ga inda bambancin yake da amfani. Ford 8N, wadda aka ƙera daga 1947 zuwa 1952, nauyinta bai fi kilo 1,100 da 'yan kai ba. Ferguson TE20, 'yar toka-tokar nan ta garin Coventry a Ingila da aka yi daga 1946 zuwa 1956, ita ma kusan haka. Amalanke mai layin taya biyu da aka rubuta masa fam 7,000, wato kilo 3,175, zai ɗauki kowacce daga cikinsu yana dariya. Sai dai a lura, wannan adadi har da nauyin shi kansa amalanken, wanda ke cinye wajen kilo 900. Abin da ya rage wa kaya bai kai tan biyu da rabi ba. Kawo Farmall M, da ta fito a 1939: tun daga kamfani ta haura tan biyu. Manoman can kuma sukan ɗura ruwan gishiri a tayoyin baya, su ɗaura faifan ƙarfe a jikin wili, don ta kama ƙasa. Wanda ya gaji irin wannan bai sani ba yana iya ɗauke da abin da ya kusa tan uku, yana lissafi da abin da aka rubuta a littafi. Sikeli ne kawai mai faɗin gaskiya.

Sai faɗi. Wani amalanken shimfiɗarsa na tsakanin tayoyi, ya yi ƙasa-ƙasa, hawa ba wuya, amma faɗin bai fi mita 2.1 ba. Wani kuma shimfiɗar ta hau saman tayoyin, ta kai mita 2.6, sai dai ya yi tsayi, hawan ya yi tsauri. Na farko mai kwanciya, na biyu mai bene. Taraktocin da ake iya buɗa tayoyinsu na baya don su bi kunya-kunya sukan ƙi shiga mai kwanciya, sai an matso da tayoyin ciki.

Ƙarafan da ake saukewa tarakta ta bi ta hau, wasu sun ce matakala, wasu gangara. Ku dubi abin da kyau: dogayen ƙarafa biyu, da gajeru a gicce. Tsani ne. A nan ma akwai tarko. Da yawa cikin taraktocin shekarun 1930 zuwa 1950, irin su John Deere A da Farmall H, tayoyinsu na gaba biyu a manne suke a tsakiya, kamar mai ƙafa uku. Ka sa tsani biyu, tayoyin baya su samu wurin bi, na gaba su faɗa rami. Dole sai da tsani na uku a tsakiya, ko kuwa a nemi amalanken da shimfiɗarsa duka ke sunkuyowa ta taɓa ƙasa. Wannan mai sunkuyo ne. Shi ya fi dacewa da wadda injinta ya mutu, a jawo ta sama da waya a hankali.

Wata malama ta tambaya, "To Malam, ita taraktar fa, tsohuwa za mu ce kawai?" A'a. A wajenmu tarakta ba ta ritaya. Steyr ɗin da aka harhaɗa a Bauchi da tsofaffin Massey Ferguson har yau wasu na huɗa, kuma da ƙafarsu suke zuwa gona. Waɗannan su ne tsofaffi. Wadda aka ajiye don kallo, ake goge ta da tsumma, taraktar tarihi ce.

Ɗauri bai buƙatar sabuwar kalma. Sarƙa ce, a kusurwa huɗu, a ɗaure ta tamau, a sake dubawa bayan an ɗan yi tafiya domin takan saki. Dokar tarayya a Amurka ta wajabta ɗauri huɗu ga injin da ya kai fam 10,000, wato wajen kilo 4,500, amma masu hankali ko 'yar Ferguson huɗun suke yi mata. Wadda tayoyinta na ƙarfe ne masu haƙora, irin ta kafin zuwan roba, a shimfiɗa mata tsofaffin katakai ko yankakkiyar taya kafin ta hau, in ba haka ba ta cinye katakon amalanken a tafiya ɗaya.