Shin barkwancin siyasa farkar da mu yake yi, ko lallashinmu?

Malamin Makaranta, Unguwar Rogo:

Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata makarantar sakandare a nan Jos, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ɗalibaina ba sa karanta jarida, ba su da haƙurin sauraron labarai, amma duk wata ba'a da aka yi wa mai mulki a TikTok ko a wasan kwaikwayon talabijin, kafin in shiga aji sun haddace ta. Suna kwaikwayon yadda ɗan takara yake raba taliya da atamfa har da irin tafiyarsa, amma ranar da na tambaye su bambancin aikin kansila da na ɗan majalisar jiha, sai ajin ya yi tsit. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum fiye da miliyan 93 ne suke da rajista, amma waɗanda suka fita ba su wuce kashi 27 cikin ɗari ba, alhali ba a taɓa yi wa 'yan siyasa dariya kamar a wannan zamani ba. Shin dariyar nan tana kai mutum rumfar zaɓe, ko kuwa huce masa haushi kawai take yi ya koma ya kwanta?

Dattijon Gangare:

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da kake gani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, kayan aikin ne kawai suka sauya. Wawan sarki yakan faɗa wa sarki a bainar fadawa abin da waziri ba zai iya furtawa ba, kuma yara masu tashe a watan azumi sun daɗe suna yi wa manya shaguɓe a ƙofar gidajensu, a yi dariya, a kuma ba su hatsi. Da talabijin ta zo, mu da muka yi ƙuruciya a garin nan a shekarun 1980 mukan taru a gidan mai akwati ɗaya a layi don kallon marigayi Karkuzu a NTA Jos, da marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, daga Kaduna. Ka tuna fa lokacin soja ne, lokacin da Doka ta 4 ta 1984 ta kai Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian gidan yari, amma ga mutum sanye da kaki yana kwamacala da Turancin bariki, jama'a suna ta ƙyaƙyatawa. Samanja bai koya mana tsarin mulki ba, kuma bai ce zai koya ba. Abin da ya rage mana shi ne tsoro, domin wanda ka taɓa yi wa dariya ba ya sake zame maka dodo.

'Yar Bukuru:

Baba, Allah ya ƙara girma, amma ku yi mini uzuri in ɗan saɓa muku. Tsoro ya ragu, gaskiya ne, sai dai abin da ya maye gurbinsa shi ne yanke ƙauna. Na bi shirin Kwana Casa'in na Arewa24 tun farkonsa, kuma na yaba yadda ya fito da ubangidan siyasa da 'yan bangar da ake ɗauka haya da ɗan jaridar da ake toshe wa baki. Amma da muka zauna da matan unguwarmu muna hirarsa, abin da mafi yawansu suka ɗauka shi ne duk kanwar ja ce, don haka gara ka karɓi abin da aka miƙo maka ranar zaɓe, tun da shi kaɗai ne rabonka na shekara huɗu. Sannan kada mu manta cewa da kakar zaɓe ta kama, wasu daga cikin masu ba mu dariyar nan da mawaƙan su ne a kan dandamalin kamfen, wannan yana yi wa wancan zambo gwargwadon abin da aka biya shi.

Ɗalibin Lauya, Jami'ar Jos:

Hajiya, in da dariyar ba ta cizo, da masu mulki ba su damu da ita ba. A 2008 kotun tafi-da-gidanka a Kano ta ɗaure marigayi Rabilu Musa Ibro wata biyu, kuma ko da yake tuhumar ta shafi rajistar kamfani da rawa, mutane da yawa sun ɗauka habaicin da ya yi wa hukuma ne silar. A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa matasa biyu bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu, saboda bidiyon da suka yi wa gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje, ba'a. A Yukren kuwa, Zelensky ya fito a matsayin malamin makarantar da ya zama shugaban ƙasa a wani wasan barkwanci, sai ga shi a 2019 ya ci zaɓen gaske da kusan kashi 73. Malam, shawarata ita ce ka shiga da ba'ar cikin aji. In an yi dariyar ramin titi, ka tambaye su titin na tarayya ne, na jiha, ko na ƙaramar hukuma, kuma wa ya kamata a kai wa kuka.

Malamin Makaranta, Unguwar Rogo:

Na gode muku duka. Hajiya, maganarki ta fi tsaya mini a rai, domin na ji irinta a bakin yaran da ba su ma kai shekara 18 ba. Zan gwada shawarar ɗan'uwa ranar Litinin da titin Bauchi, tun da rabin ajin ta nan suke biyowa kullum.