Da gaske ne kwaɗi sun haura iri 7,000 a duniya?

Uwar Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Na ci karo da hoton wani ɗan kwaɗo shuɗi shar, mai ɗigo-ɗigon baƙi a baya, na ce wannan aikin kwamfuta ne. A ƙarƙashin hoton kuma aka rubuta wai kwaɗi sun fi iri 7,000 a duniya. Ni dai iri biyu na sani: mai kaushin fata da ke tafiya da ƙyar, da mai santsi da ke tsalle ya faɗa ruwa. Tambayata biyu ce. Waɗannan biyun mace da namiji ne ko kowa da zuriyarsa? Sannan me zai raba kwaɗo har gida 7,000? Ko dai masu binciken ne da sun ga launi ya ɗan sauya sai su raɗa sabon suna? Masana a taimaka.

Tsohon Malamin Kimiyya ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Shuɗin nan gaskiya ne, yana zaune a kudancin ƙasar Suriname a Kudancin Amurka, kuma launin gargaɗi ne ga duk mai niyyar cin sa. Lissafin ma gaskiya ne, sun haura 7,000, kuma duk shekara ana ƙara gano wasu. Ba launi ake bi ba. Ana duba ƙashi, da ƙwayoyin gado, da kukan namiji, domin mace ba ta amsa kiran wanda ba irinta ba. Sau da yawa kwaɗi biyu ido ba ya raba su, sai an naɗi kukansu a ji kowa da nasa.

Na kaushin fata da na santsi ba miji da mata ba ne. Masu kaushin dangi ne guda a cikin babban gidan, su ma sun fi iri 600. Ba su da haƙori ko ɗaya, ƙafafunsu gajeru, kuma idan kika duba bayan idonsu za ki ga wani kumburi dogo a kowane gefe. Nan dafinsu yake. Amma kada ki riƙe wannan rabon da ƙarfi, don akwai masu santsi a cikin danginsu, akwai kuma masu ƙuraje da ba su haɗa komai da su ba.

Abin da ni nake ganin shi ne tushen yawan nasu, ƙwai ne. Ƙwan kwaɗo ba shi da ɓawo. In ya bushe ya mutu, in aka bar shi a kududdufi kifi da ƙwari su cinye. To kusan kowane iri da kika gani, wata dabara ce ta fita daga wannan tsaka mai wuya. Wasu sun zaɓi yawa: a zuba dubbai a ruwa a tafi, wanda ya tsira ya tsira. Wasu kuwa sun zaɓi reno, kuma a nan ne abin mamakin yake.

Akwai wani shimfiɗaɗɗen kwaɗo a kogunan yankin Amazon da ake kira Pipa, ko harshe ba shi da shi. Lokacin barbara namijin yana danna ƙwayayen a bayan macen ɗaya bayan ɗaya, fatarta ta kumbura ta rufe su, kowane ƙwai da ɗan raminsa. Bayan wata uku zuwa huɗu sai ki ga ƙananan hannaye suna ɓullowa daga bayan uwar, 'ya'yan su fito cikakkun kwaɗi su yi iyo su tafi. A dazuzzukan Chile da Ajantina kuma uban ne mai ɗawainiya. Yana gadin ƙwan a ƙarƙashin ganye, da ya ga sun fara motsi sai ya lashe su ya ajiye a jakar maƙogwaronsa, wadda sauran kwaɗi ke hurawa su yi kuka. Can za su girma na makonni, ranar fita ya wangale baki su tsallako. Sunan masanin halittu Charles Darwin aka sa masa, don shi ya ci karo da shi a Chile a shekarun 1830. A Turai akwai wanda namijin ke naɗe igiyar ƙwan a ƙafafunsa na baya yana yawo da ita, in ta fara bushewa ya je ya tsoma ta a ruwa.

Wata 'yar jar kwaɗuwa ta Kosta Rika da Panama ita ce ta fi burge ni. Tana goya 'ya'yanta masu wutsiya ɗaya-ɗaya, ta hau da su ta sa kowanne a ɗan ruwan da ya taru a tsakanin ganyen tsiro. Ruwan ba shi da abinci, saboda haka duk bayan 'yan kwanaki sai ta zagayo ta saka wa kowane ɗa ƙwan da ba a barbara ba ya ci, kuma ba ta mance inda ta ajiye kowa. A duwatsun Nimba da ke kan iyakar Gini da Kwaddibuwa da Laberiya kuwa an daina batun ƙwai a waje gaba ɗaya: ciki take ɗauka wata tara ta haifi 'ya'ya.

Sai ki haɗa wannan da cewa kwaɗo ba matafiyi ba ne, ruwan gishiri na kashe yawancinsu, tsauni ɗaya ko kogi ɗaya ya isa ya raba dangi biyu har abada. Shi ya sa ƙasashe masu daji da duwatsu da ruwan sama suka kwashe kaso mafi tsoka. Barazil ce kan gaba, Kolombiya na biye da ita. Madagaska kaɗai tana da fiye da iri 300, kuma kusan dukkansu ba a samun su ko'ina sai can. Nahiyar da babu kwaɗo ita ce Antatika kawai.

Girma ma haka. Babbansu yana bakin koguna masu ƙarfi a Kamaru da Ikwatoriyal Gini, tsawon jikinsa ya kai santimita 32, nauyinsa ya ɗara kilo 3, wato nauyin jariri sabon haihuwa. Yana ture duwatsu ya gyara ɗan tafki don ƙwansa. Ƙananan kuwa, akwai na Papuwa Niyu Gini da aka bayyana a 2012 wanda bai kai milimita 8 ba.

Mai Shakka ya ce:

Malam, Allah ya ƙara sani, amma ina da ja a wuri biyu. Ka ce ko'ina akwai su ban da Antatika. Dabbar da jininta ke bin sanyi da zafin wuri, fatarta kuma kullum sai da laima, yaya za ta yi a Alaska ko a tsakiyar hamada? Na biyu, batun dafin nan ina ganin ana zuzuta shi. Na ji ana cewa wai akwai ɗan kwaɗon da bai kai rabin tafin hannu ba, amma dafinsa zai kashe mutum goma. Anya kuwa?

Tsohon Malamin Kimiyya ya amsa:

Ja mai kyau, ƙanina. A Alaska akwai kwaɗon daji da ba ya gudun sanyi, bari yake ya daskare. Da ƙanƙara ta fara taɓa fatarsa, hantarsa sai ta sako sukari mai yawa cikin jini, sukarin ya shiga ƙwayoyin jiki ya hana su tsotsewa su lalace. Ruwan da ke tsakanin gaɓoɓi ya zama ƙanƙara, numfashi ya tsaya, zuciya ta tsaya cak. In ka ɗauke shi a lokacin, tauri gare shi. Yana iya yin wata shida zuwa bakwai a haka, in ƙanƙara ta narke zuciyar ta ci gaba da bugawa, ya nufi ruwa neman mace.

Na hamada kuma ƙasa suke shiga. Wani a Ostireliya yakan cika mafitsararsa da ruwa, ya haƙa rami, ya lulluɓe kansa da tsohuwar fatarsa da yake saɓawa hawa-hawa har ta zama kwanso, hanci kawai a buɗe. Zai iya shekaru yana jiran ruwan sama. Akwai wani mai launin shunayya a tsaunukan yammacin Indiya da masana ba su bayyana shi ba sai 2003, saboda rayuwarsa duka a ƙarƙashin ƙasa take yana cin gara, kwanaki kaɗan yake fitowa a farkon damina.

Dafi kuwa, gaskiyarka ce ta wani fanni: yawancin masu launin nan ba sa kashe mutum, ɗaci da raɗaɗi ne kawai ga tsuntsu ko maciji. Amma wani mai launin ruwan ɗorawa na gaɓar yammacin Kolombiya, mai tsawon santimita 5, ba wasa ba ne. Dafinsa yana hana jijiyoyi sakin jiki, zuciya ta rikice. Mutanen Embera na yankin suna goga tsinin kibiyar hurawa a bayansa su yi farauta da ita. Abin lura shi ne ba shi yake ƙera dafin ba, daga ƙananan ƙwarin da yake ci a daji yake tara shi. Wanda aka haifa a gidan ajiye dabbobi aka ciyar da shi ƙudaje, ba shi da dafi ko kaɗan.

Ɗalibar Likitanci ta ƙara da cewa:

Baba Malam ka bar wanda ya fi yi wa likitanci hidima. Xenopus na kudancin Afirka, mai farata a ƙafar baya. Daga shekarun 1930 zuwa 1960 da shi ake gwajin ciki: a yi wa macen allurar fitsarin mai neman sani, in da ciki, kafin gari ya waye ta saka ƙwai. Dubbai aka riƙa fitarwa zuwa asibitocin duniya saboda haka. Da shi kuma John Gurdon na Ingila ya nuna a 1962 cewa ƙwayar hanji ɗaya tana ɗauke da bayanin gina dabba sukutum, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2012.

Sai dai lissafin 7,000 ɗin yana zubewa ta ƙasa yayin da ake ƙara shi ta sama. Akwai wata fumfuna da ke kama fatar kwaɗo, an gano ta a 1998. Tun da ta fata yake shan ruwa, ta nan kuma gishirin jikinsa ke daidaita, in fumfunar ta sa fatar ta yi kauri sai zuciya ta tsaya. Wani babban nazari na 2019 ya ɗora mata alhakin raguwar kimanin iri 500 na kwaɗi da danginsu, 90 daga ciki ana jin sun ƙare. Bincike ya nuna asalinta gabashin Asiya ne, cinikin dabbobi ya yaɗa ta. Kwaɗon zinariya na Monteverde a Kosta Rika rabon da a gan shi tun 1989. Wanda ya fi ba ni takaici su ne iri biyu na jihar Queensland ta Ostireliya da uwar ke haɗiye ƙwanta, tumbinta ya daina fitar da ruwan narkar da abinci, ta yi kusan mako shida ba ci, sannan ta amayo 'ya'ya. Likitocin gyambon ciki sun so su gane yadda take kashe wannan ruwan. An bayyana na farko a 1973, zuwa tsakiyar shekarun 1980 duk biyun sun ɓace.

Uwar Biyu ta dawo:

Ikon Allah! Na gode ƙwarai Malam, na gode ƙanwata. Amma wani abu ya ɗaure min kai. Ana cewa suna ƙarewa, ni kuma na taɓa jin cewa a Ostireliya kwaɗi sun zama annoba har ana biɗar yadda za a rage su. Wanne za a ɗauka?

Tsohon Malamin Kimiyya ya amsa:

Duk biyun, 'yar uwa, don ba iri ɗaya ake magana a kai ba. Wanda ya addabi Ostireliya baƙo ne. Asalinsa nahiyar Amurka ta tsakiya da ta kudu, daga dangin masu kaushin fata, dangin da Ostireliya ba ta taɓa sani ba. A 1935 aka kawo kimanin 100 daga Hawayi aka hayayyafa su aka saki a gonakin rake na Queensland don su cinye ƙwaron da ke ɓata raken. Garin gyaran gira aka rasa ido. Ƙwaron yana can saman kara, tsutsarsa na cikin ƙasa, kwaɗon bai iya hawa ba, sai ya koma cin duk abin da ya samu a ƙasa. Mace ɗaya tana zuba ƙwai har 30,000 a lokaci guda. Macizai da guza da kadojin ruwan daɗi na ƙasar ba su san dafinsa ba, suna haɗiye shi su mutu. Yau ya ratsa arewacin ƙasar har ya shiga jihar yamma, ana lissafa shi da miliyoyi.

Ki kwatanta shi da ɗan kwaɗon Kihansi na Tanzaniya. Duniyarsa duka 'yan kadada ne a gindin wata magangarar ruwa, inda feshin ruwan ke jiƙa ciyawa dare da rana. Da aka gina madatsar lantarki a saman kogin wajen shekarar 2000, feshin ya ragu ƙwarai, fumfunar nan kuma ta zo ta ƙarasa. A 2009 aka ayyana cewa babu shi a daji. Abin da ya cece shi, an riga an kwashi kusan 500 zuwa Amurka, gidajen dabbobi na Bronx da Toledo suka yi ta renonsu, aka fara mayar da su gida a 2012, inda aka kafa bututan da ke fesa ruwa a madadin na asali.

Da yawa daga cikin 7,000 ɗin nan irin na Kihansi ne: kwari ɗaya, tsauni ɗaya, dabarar reno ɗaya da ba ta aiki sai a wurin. Irin na rake 'yan kaɗan ne, su ne masu cin komai su kwana ko'ina, kuma su ne mutum ke ɗauka a jirgi ya kai inda ba a gayyace su ba. Ko Madagaska, da ita ma ba ta da masu kaushin fata tun asali, a 2014 aka ba da rahoton wani na Asiya ya sauka a kusa da tashar jiragen ruwa ta Toamasina, kuma yana ta bazuwa.