Wace kalmar Hausa za mu ba "zoning"?

Ɗan Bakin Gari: Assalamu alaikum. Ƙungiyar unguwarmu, can yammacin Kano inda gonaki ke ta komawa fulotai, ta shirya takarda kan yadda muke so unguwar ta kasance nan da shekara 20, kuma da Hausa za a karanta wa jama'a. Kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: zoning. Ma'anarta ita ce hukuma ta ce nan wurin gidajen kwana ne, can na shaguna, can kuma na masana'antu, ko da filin naka ne halak malak ba za ka gina abin da ba a yarda da shi a wurin ba. Na sa "tsarin gari" sai na ga ya yi faɗi. Masana, a taimaka.

Mai Awo: Wa alaikumus salam. Ya yi faɗi kam, don tsarin gari ya haɗa da tituna da magudanan ruwa da layin wuta da komai. Mu a bakin aiki "zonin" kawai muke cewa mu wuce. Amma kada a haɗa shi da yanka fulotai. Awo, na gwamnati ne ko na igiya, iyakar abin da zai gaya maka shi ne faɗi da tsawon filinka da inda hanya ta bi. Zonin kuwa abin da za a yi a cikin filin yake magana a kai. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, abin da kake riƙe da shi izinin zama ne, kuma a jikin takardar mallaka ana rubuta abin da aka ba ka filin dominsa. In na gida ne ka mai da shi gidan mai, sai ka nemi izinin sauyi. Tunda shiyya muke ce wa yanki, ni na kawo "shiyyantawa".

Malamar Hausa: Malam Mai Awo, ginin kalmar bai saɓa ƙa'ida ba, amma kunnen ɗan Najeriya na jin shiyya sai ya tafi siyasa: shiyyoyi shida, Arewa maso Yamma, Kudu maso Kudu. Ga shi kuma wannan kalmar Turancin ita ce 'yan jarida suka daɗe suna fassarawa da "karɓa-karɓa" in ana rabon takara. A karanta wa dattawan unguwa cewa za a yi shiyyantawa, wallahi wani zai tambaya ko kansila ne ya faɗo ɓangarensu. Sannan shiyya gefe kawai take nunawa, ba ta ɗauke da hani, alhali hanin shi ne ƙashin bayan maganar.

Ɗan Damagaram: Gaisuwa daga Nijar. Mu nan da Faransanci ake rubuta takardun, talaka kuwa abin da ya sani shi ne unguwa "loti" da wadda ba a yi wa loti ba, wato dai awon da Mai Awo ya ce kada a haɗa. Me zai hana "ware"? Kowa na cewa an ware fili don makaranta, an ware don maƙabarta. A Yamai an ware zoben itatuwa kewaye da birni, an fara dasa bedi, wato dogon yaro, tun 1965 don tare iska da rairayi, yanzu gine-gine sun cinye wani ɓangare nasa. Sai a ce "tsarin ware filaye".

Ɗalibar Tsara Birane: Yaya Ɗan Damagaram, "ware" ta fi shiyya kusa, sai dai tana da 'yar'uwa mai baƙin jini, wato wariya, kuma a tarihin wannan abin su biyun sun sha tafiya tare. A Amurka babbar dokar farko da ta game birni duka ita ce ta New York a 1916, bayan dogayen benaye sun fara tare wa maƙwabta rana da iska. A daidai lokacin wasu birane suna amfani da irin wannan iko don raba titin baƙar fata da na farar fata, har kotun ƙoli ta soke dokar birnin Louisville a 1917. A 1926 ne kotun ta halatta raba yankuna bisa abin da ake yi a cikinsu, a shari'ar wani ƙaramin gari mai suna Euclid da ke bakin birnin Cleveland. Daga nan unguwannin bakin birni na Amurka suka ɗauki siffarsu: gida ɗaya na iyali ɗaya a kowane fili, babu shago, babu gidan haya mai ɗakuna da yawa, ko burodi za ka saya sai ka tada mota.

Tsohon Akawu: 'Yata, ba sai kin je Amurka ba. A nan ma dokar garuruwa ta Gwamna Lugga ta 1917 haka ta yi, aka ware wa Turawa unguwarsu, aka bar fili na yadi 440 tsakaninsu da 'yan ƙasa wanda ba a gini a cikinsa, wai don sauro. Nasarawa a gefe, Sabon Gari a gefe, Birni a cikin ganuwa. Shi ya sa ni ma ban so "ware" ta zama sunan abin ba, a bar ta a matsayin aikatau.

Amma ina mamakin ku yara, kuna neman abin da ke aljihunku. Ina kuka bar "hurumi"? Tun kafin Bature kowane gari na da huruminsa, filin da ke bayan ganuwa wanda ba mai noma shi ko ya gina, an bar wa dabbobi da jama'a. Maƙabarta hurumi ce, burtali ma ba mai shiga da garma. Kalmar kuma ba ta mutu ba, kullum a rediyo ana cewa kotu ba ta da hurumin sauraron ƙara. Ga iyaka a ciki, ga hani, ga ikon hukuma. Me ya rage?

Mai Awo: Baba, ranka ya daɗe, ina da ja. Hurumin da ka lissafa duk wuraren da ba a gini ne. A wasu garuruwan ma in ka ce an kai mutum hurumi, binne shi aka yi. Yaya zan tsaya gaban mai fili in ce masa fulotinsa na cikin hurumi? Ai sai ya ɗauka ƙwace za a yi.

Malamar Hausa: Shi ya sa ba za a bar ta ita kaɗai ba, sai da abin da aka jingina ta gare shi. A gwada a baki a ji. Hurumin gidaje. Hurumin kasuwanci. Bompai da Sharaɗa da Chalawa hurumin masana'antu ne. "Wannan gidan man ba huruminsa ba ne nan." Wannan jimlar ta ƙarshe ko kakata ta ji ba sai an yi mata bayani ba, kuma ba mu ƙirƙiro komai ba. In hukuma ta zana a taswira, ta shata hurumi. In mai fili ya nemi mai da gida asibiti, yana neman sauya hurumi. In ya yi gaban kansa, ya keta hurumi. Abin gaba ɗayansa kuma "tsarin hurumi". Shiyyantawa ba za ta haifar mana da waɗannan duka ba.

Ɗalibar Tsara Birane: Na bi, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi kalmar muhimmanci a wurina. Kada Ɗan Bakin Gari ya fassara takardar nan yadda mutane za su fahimci hurumin gidaje wuri ne da ba a sana'a. Unguwar Bahaushe ba haka take ba. Tela na zaure, mai kanti ya fasa ɗaki ta waje, Islamiyya na soron wani, mata na cikin gida suna ƙuli-ƙuli da kitso da ɗinkin hula, da shi ake biyan kuɗin makaranta. In aka kwafo na Euclid tsaf, rabin matan unguwa sun zama masu laifi a rana ɗaya. Su kansu Amurkawan suna ja da baya, birnin Minneapolis ya amince a 2018 a daina keɓe unguwanni ga gidan iyali ɗaya kaɗai. Abin da ya kamata a kora daga tsakiyar gidaje shi ne mai cutarwa: gidan mai, wurin cika tukunyar gas, gidan biki mai lasifika har tsakar dare, masana'antar narka roba. Abin da ya kamata a tsare kuma tun ana gona shi ne filin makaranta da asibiti da maƙabarta da hanyar ruwa, don su ne awon igiya ke fara haɗiyewa, sai damina ta zo a ga ruwa a ɗaki. Saboda haka a ƙara guda: "hurumin gauraye", inda gida da ƙaramar sana'a ke zaune tare. Ina ganin yawancin unguwarku nan za ta faɗa.

Ɗan Damagaram: A Damagaram ma za a gane hurumi. Na janye tawa.

Mai Awo: Ni ban janye gaba ɗaya ba. A takarda na yarda, amma a fili da dillalai zan ci gaba da cewa zonin har in ji ta kama bakin mutane. Kano ta taɓa samun babban tsari na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, ba rashin suna ne ya sa gari ya tsere masa ba.

Ɗan Bakin Gari: Na gode ƙwarai. Ga yadda na rubuta: "Ƙungiya na roƙon hukuma ta shata wa unguwa tsarin hurumi: bakin babban titi hurumin kasuwanci, cikin layuka hurumin gauraye, filin makaranta da maƙabarta da kwarin da ruwa ke bi kuwa hurumin jama'a ne, ba a saye ba a sayarwa." Zan fara karanta wa mai unguwa kafin taro, in ya yi tuntuɓe a kalmar zan dawo muku. Saura ɗaya kuma, tazarar da doka ke cewa a bari tsakanin bakin titi da katangar gida. Injiniyanmu "ja baya" yake ce mata. Akwai wadda ta fi?

Tsohon Akawu: "Rata". Ka buɗe mata nata zaren, kada a cakuɗa.